Wuƙar aljihu mai ninkewa: wadda za ka saya da yadda za ka riƙe ta

Tambaya: Malam, aikin lambu nake yi, ina buƙatar wuƙa mai ninkewa da zan riƙa sakawa a aljihu don yankan igiya da tiyo da yi wa mangwaro aure. Wadda na saya bara ta zo da tauri, na sassauta notinta sai ta koma tana girgiɗi. Da damina ta yi tsatsa, na kai ta injin washi, tun daga nan ba ta ƙara riƙe kaifi ba. Wace iri zan saya, yaya zan yi da taurin sabunta, kuma yaya zan kula da ita?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sa wa lambun albarka. Tsatsar nan ba wani babban abu ba ce, samfefa da ɗigon mai sun isa su kore ta. Abin da ya kashe maka wuƙar shi ne sassauta notin da kuma injin washi, kuma yawancin masu kawo mini wuƙa gyara ta ɗayan hanyoyin nan biyu suka bi. Amma bari mu faro daga wurin saye.

Wuƙar da maƙeri ke ƙera maka mai kube, ƙarfe ɗaya ne ya tafi tun daga tsini har cikin ƙota. Mai ninkewa kuwa an raba ta biyu an haɗa da ƙusa guda, kuma ƙarfinta da rauninta duk a wannan gaɓar suke. Mai saye yakan duba ƙyalli, ya shafa babban yatsa a baki ya ji kaifi, ya biya ya tafi. Alhali kaifi shi ne abu mafi arha a jikin wuƙa, da dutse da minti goma za ka samar da shi. Gaɓa kuwa in ta zo a lalace daga masana'anta, sau da yawa babu yadda za ka yi da ita. Saboda haka kuɗinka gaɓa za su saya.

Ka fara sanin abin da ke riƙe ruwan wuƙar in ta buɗe. Akwai marasa makulli, waɗanda sifirin ne kawai a gadon bayan mariƙi yake danne su, kamar ƙananan Victorinox jajayen nan na Suwizalan, da Douk-Douk da ake ƙerawa a garin Thiers na Faransa tun 1929, wadda ta yi kasuwa sosai a Arewacin Afirka da ƙasashen rainon Faransa. Waɗannan yanka ake yi da su kawai. Ka soka su a abu mai tauri, sai su rufe a kan yatsunka. Akwai masu makullin baya, waɗanda sai ka danna wani wuri a bayan mariƙi kafin su rufe. Buck 110 ta Amurka, da ta fito a 1964, ita ta yaɗa irin wannan, kuma da yawa daga wuƙaƙen nan masu tagulla a kai da gindi da kake gani a kan tebur a kasuwa kwaikwayonta ne. Okapi, da aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, zobe gare ta a baya da ake ja a saki makulli. Opinel ta Faransa mai mariƙin katako, wadda ake yi tun 1890, a 1955 aka ƙara mata zobe a wuya da ake murɗawa. Sai kuma wanda ya fi yawa a sababbin wuƙaƙen yanzu, ɗan faifan ƙarfe a cikin mariƙi da ke faɗawa bayan gindin ruwan wuƙa ya tokare shi, sai ka ture shi gefe da babban yatsa kafin ka rufe. Kowane daga cikinsu yana aiki in an yi shi da kyau, kowane kuma yana yanka mai shi in an yi shi da ha'inci.

Don haka kada ka biya sai ka riƙe wadda za a ba ka ɗin, ba wadda aka ajiye don nuni ba. Buɗe ta har ta kulle. Ka kama ruwan wuƙar ta baya da tsumma, ka motsa shi dama da hagu, sannan sama da ƙasa. Motsin dama da hagu, in kaɗan ne kuma gaɓar ta noti ce, ɗaurewa ke maganinsa. Motsin sama da ƙasa kuwa makulli ne bai zauna ba, kuma kullum ƙaruwa zai yi. Ajiye ta ka ɗauki wata. Sai ka janye yatsunka daga hanyar baki, ka danna bayan wuƙar da tafin hannu da matsakaicin ƙarfi, ka ga ko makullin zai zame. In mai faifan ciki ce, leƙa ka ga inda faifan ya tsaya: ya kamata kaurinsa duka ya shiga bayan gindin, amma bai wuce tsakiya ba. Wanda da ƙyar ya kama zai suɓuce, wanda kuma tun yana sabo ya tafi har ɗaya bangon, ba shi da sauran wurin ci, wata kaɗan zai fara kwaram-kwaram.

Yanzu rufe ta. Ruwan wuƙar ya kwanta a tsakiya, kada ya goga gefe. Ka bi bakin mariƙin da yatsa a hankali ka tabbata tsinin ya nutse ciki, domin tsinin da ke leƙowa shi ke huda aljihu, ya huda yatsa ranar da ka zura hannu neman canji. Ka kifar da ita ka girgiza, kada ta buɗe da kanta. A ƙarshe ka ɗaga bakin a hasken rana ka duba kusa da tsakiya. In ka ga wani ɗan wuri yana ƙyalli a miƙe, bakin yana dukan sifirin duk lokacin da aka rufe, kuma komai washinka wurin nan zai riƙa dakushewa. Mai shago zai yi maka kallon mai tsanani. Bar shi ya kalla.

Maganar ƙarfe gajeriya ce, ko da yake masu sha'awar wuƙa suna kwana a kanta. Iri biyu ne ke gabanka. Akwai baƙin ƙarfe, mai saurin ɗaukar kaifi, mai daɗin washi, mai saurin tsatsa. Akwai farin ƙarfe, sitenles, wanda aka zuba wa sinadarin kuromiyam, galibi kashi 13 cikin 100 ko fiye a na wuƙa, shi ke hana shi tsatsa da wuri. In ka ga an buga suna irin su 12C27, 14C28N, 420HC ko 8Cr13MoV a gindin wuƙa daga kamfanin da aka sani, duk za su yi maka aiki. D2 yana riƙe kaifi da daɗewa, amma yana wahalar washi a dutsen gida kuma yana ɗan tsatsa, ban ga dalilin da mai lambu zai wahalar da kansa da shi ba. Wadda aka rubuta wa “stainless” kawai, babu sunan ƙarfe babu sunan maƙera, sa'a ce. Ka tuna buga suna ba wuya, jabu ma suna bugawa, kuma yadda aka gasa ƙarfe aka ba shi tauri ya fi sunansa muhimmanci. Wuƙar aljihu ta kirki taurinta yakan kama daga 55 zuwa 60 da 'yan kai a ma'aunin Rockwell. Ba za ka iya auna wannan a kasuwa ba, shi ya sa farashi ke zama shaida: in an ce maka ta Suwizalan ce amma kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa biyu ba, araha ba ta ado.

Da ni ne kai, biyu zan saya. Ta aikin yau da kullum, farin ƙarfe, mai makulli, tsawon ruwanta santimita 8 zuwa 9, baki miƙaƙƙe mara haƙoran zarto, domin ruwan ban-ruwa da gumi da taki duk abokan tsatsa ne. Ta biyu ƙarama, siririyar baƙin ƙarfe irin Opinel lamba 6 ko 8, ko kuwa wuƙar aure ta musamman da ake wasa wa gefe ɗaya kawai, a keɓe ta don mangwaro. Aure yana son yanka ɗaya sumul yadda ɓawon reshe zai haɗu da ɗan'uwansa ba tare da rata ba, kuma wuƙar da ta yini tana yankan tiyo mai yashi ba za ta ba ka wannan ba. Ka riƙa goge ta da sifirit kafin ka tashi daga wata bishiya zuwa wata, kada ka zama kai ke raba cuta a lambunka. Abin da ba zan saya ba shi ne masu boris a gaɓa, waɗanda ke buɗewa fit da taɓawa ɗaya. Suna da daɗi a hannu cikin shago, amma ƙurarmu tana shiga tsakanin 'ya'yan boris ɗin ta zauna. Mai washa ta tagulla, wato siririn zoben da ake sawa a gaɓa tsakanin ruwan wuƙa da mariƙi, ko ma mai ƙusa zalla, ta fi haƙuri da hunturu. Masu zanen maciji da ramuka a ko'ina kuwa, kuɗin kwalliya ne ake karɓa a hannunka.

To, ga ta ka kawo gida, ta yi tauri. Hakan ya kamata. Fuskokin ƙarfen da ke gogar juna a gaɓa ba su gama sanin juna ba, akwai kaushin inji a kansu, akwai kuma ragowar garin ƙarfe da busasshen man masana'anta a ciki. Abin da ake so shi ne su ci juna kaɗan har su yi santsi alhali gaɓar na a matse. Da ka sassauta noti, ka ba su rata tun kafin su goge, sai ruwan wuƙar ya riƙa kwanciya gefe ɗaya yana cin washa a karkace, makulli kuma ya daina zama a inda aka auna masa. Wannan shi ne girgiɗin da ka gani.

Abin yi shi ne ka fara wanke ta. Ruwan ɗumi, ɗan sabulu, tsohon buroshin haƙori, kana buɗewa kana rufewa a cikin ruwan, sai dai in mai mariƙin katako ce, wannan a goge kawai. Ka yarfe ta, ka hure gaɓar, ka shanya ta a buɗe har ta bushe ƙayau. Sai ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kowane gefen gaɓa. Ka zauna kana buɗewa da rufewa a hankali da hannu biyu, ba da fizga ba. Za ka ga wani baƙin ruwa yana tsattsafowa. Garin ƙarfen ne ke fita, ka goge, ka ƙara ɗigo, ka ci gaba. Ka yi haka da yamma kana sauraren rediyo, ka kuma sa ta a aiki. Cikin mako ɗaya zuwa biyu yawancinsu sukan saki. In bayan haka har yanzu tana karya farce, to a lokacin ne za a taɓa noti, shi ma ɗan juyi kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a gwada, in girgiɗi ya shigo a mayar. Notocin nan galibi masu bakin tauraro ne, lamba T6 da T8, kuma masu gyaran waya suna da irin sukudirebansu. Kada ka cusa masa mai baki ɗaya, kan notin zai cinye, daga nan ba ɗaurewa ba kwancewa.

In faifan makulli ne ke maƙalewa har sai ka yi da gaske kafin ya saki, kada ka sa masa mai. Ka goge fuskar gindin wuƙar inda faifan ke tokara ta bushe, ka goga mata bakin fensir. Fuskar makulli da mai ba sa shiri, santsi a wurin nan shi ke sa wuƙa ta rufe a tsakiyar aiki.

Mai mariƙin katako tana da nata hali, kuma da yanayinmu take tafiya. Da damina katakon yakan sha danshi ya kumbura ya cije wuƙar, da hunturu ya bushe ya sake ta har ta riƙa lilo. Wanda ya fasa mata wuri da wuƙa ko samfefa a watan Agusta, zai yi nadama a Janairu. In ta cije, ka riƙe ta ta wuya ka buga gindin mariƙin a kan benci, ruwan wuƙar zai ɗan leƙo ka ja shi. Mutanen Savoie, inda ake yin Opinel, haka suke yi. Magani mai ɗorewa shi ne ka bari ta bushe sarai da rani, ka cusa basilin a tsagar katakon kusa da gaɓa, ka ajiye ta a rana ya narke ya shige.

Baƙin ƙarfe kuma a kwanakin farko zai baƙanta maka albasa, ya bar ɗanɗanon ƙarfe a lemo, shi kansa ya koma toka-toka da shuɗi-shuɗi. Kada ka kankare wannan launin, kariya ce, kuma da ya zauna ɗanɗanon zai ragu. Ja-ja mai kaushi ita ce tsatsar da ake yaƙa.

Batun mai, mutane sun fi yin ɓarna da yawansa fiye da rashinsa. Mai da ƙura in sun haɗu sukan zama wani kwaɓi mai cin ƙarfe, don haka da hunturu ɗigo ɗaya a goge saura, da damina kuma a ƙara shafa siririn mai a jikin ruwan wuƙar. Man gyaɗa da manja kada su shiga gaɓa, sukan daskare su yi danƙo su yi wari. Baƙin man mota kada ya taɓa wuƙar da za ta fere abin ci. In kana yanka 'ya'yan itace da ita, nemi farin man farafin da ake sayarwa a kemis, ba ya wari ba ya lalacewa. Kullum da yamma ka goge ta, musamman bayan ruwan mangwaro mai danƙon nan, ka sa tsinken sakace ka fitar da zaren aljihu da yashi daga cikin mariƙi da ramin makulli. Makullin baya da yawa da aka kawo mini wai sun lalace, ƙullin auduga ne kawai ya cika ramin ya hana su zama.

Yanzu inji. Bayan an gasa ƙarfen wuƙa an tsoma shi ya yi tauri, akan sake ɗumama shi kaɗan, wajen digiri 200 a irin waɗannan ƙarafa, don ya rage gautsi. Duk zafin da ya haura wannan daga baya, tauri yake zarewa. Bakin wuƙa bai kai kaurin takarda ba, dutsen inji kuma a bushe yake gudu, cikin daƙiƙa biyu ko uku bakin zai ɗauki zafin da jikin wuƙar bai ma ji ba. In ka ga bakin ya yi ruwan ƙasa-ƙasa an fara taɓa shi, in ya yi shuɗi ya kai wajen digiri 300, ya yi laushi ke nan. Za ta fito da kaifi kamar gaske, ta yanka igiya biyu ta kwanta. Ga kuma cin ƙarfe: abin da dutsen hannu zai ci a shekara, inji zai cinye a zama ɗaya, kuma a wuƙa mai ninkewa wannan na nufin baki ya ja baya har tsini ya daina ɓuya a mariƙi. Adda da gatari su je inji, ba laifi. Taka ta bara, in shuɗin bai yi nisa ba, ka ci bakin da dutse mai kaushi da ruwa kamar milimita ɗaya, sau da yawa akan tarar da ƙarfe mai tauri a baya. Ko ba ta dawo ba, a kanta za ka koyi washi kafin ka taɓa sabuwar.

Washin hannu ba asiri ba ne. Dutse mai fuska biyu, kaushi da laushi, ya isa. In babu, samfefa lamba 400 da 1000 a shimfiɗe kan gilashi. Ka shafa baƙar tawadar alƙalamin maka a bakin wuƙar gefe da gefe. Ka kwantar da ita a dutse ka ɗaga bayanta digiri 15 zuwa 20. A wuƙar da faɗinta santimita 2 ne, tsakanin bayanta da dutse zai zama milimita 5 zuwa 7. Ka goga sau kaɗan ka duba: in tawadar ta goge har bakin ƙarshe, kwanciyar ta yi daidai, in ta goge a sama ta bar baki, ɗaga kaɗan. Ka tsaya a gefe ɗaya har sai ka ji wani siririn leɓe ya lanƙwasa zuwa ɗaya gefen, tun daga gindi har tsini, farce na kama shi. Wanda bai jira leɓen nan ba bai wasa wuƙa ba, goge ta ya yi. Ka juya ka yi haka a ɗaya gefen, ka koma fuska mai laushi kana rage nauyin hannu, gefe ɗaya sau ɗaya. Sai fata: guntun da baduku zai ba ka kyauta, ka manna a katako, ka riƙa jan wuƙar baya-baya yadda wanzami ke yi wa aska, har leɓen ya faɗi. In ta ratsa fatar tumatir ba tare da dannawa ba, ta yi. Daga nan fatar ce za ka riƙa komawa kowane kwana biyu, dutse sai in fata ta kasa. Ranar da kake gona babu komai, gindin kofin tangaram, zoben nan mara santsi, yana tayar da baki.

Sauran abin da ke karya su sananne ne: ɓanɓare murfin gwangwani, juya noti da tsini, dukan bayanta da itace don faskare, yanka a kan siminti ko faranti. Duk wani ƙarfi da ya zo ta gefe, a ƙusar gaɓa yake sauka. Kuma in Babbar Sallah ta zo, kada ka ɗauko ta don layya. Ruwanta ya yi gajarta ga wuyan rago, an kuma umarce mu da kyautata yanka da hutar da dabba, ga jini da kitse da ke shigewa gaɓa su ruɓe a inda buroshi ba ya kaiwa. Wannan aikin doguwar wuƙar maƙera ce.

Game da yawo da ita, kayan aiki ce a lambu, amma a shingen jami'an tsaro da dare, a wannan zamani na ƙwacen waya, ba lallai a tsaya jin bayaninka ba. In ka tashi aiki ka sa ta cikin buhun kayan lambu tare da almakashi da igiya, kada ta bi ka kasuwa ko gidan kallo a aljihun wando. In tafiya ta jirgin sama ta kama, Umara ko wani abu, cikin babban akwatin da ake aunawa za ta shiga, domin in aka gan ta a jakar hannu a wurin bincike za a karɓe.